Yaya Tela da Tuban Mai Walda

Duk wanda ya hau benen cocin nan yau, ya ga bencina reras da mawaƙa cikin riguna iri ɗaya, zai ɗauka daga sama abin ya faɗo. In aka tashi ba da tarihi kuma, a kira Fasto, a kira dattawa, har wanda ya ba da fanka sai an tafa masa. Ba mai ambaton Yaya Tela. To, a shagonta aka fara, tsakanin keken ɗinki da tulin ƙyallaye, wanda kuma ba ya son jin haka ya toshe kunnensa.

Ana ce mata Yaya ne domin yayar Fasto ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ita ta goya shi, da taka keken nan ta yi masa makaranta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure sun watse, ya rage daga ita sai keke. Gajeriya ce mai jiki, tef ɗin awo ba ya barin wuyanta, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Idan mace ta rantse ƙugunta bai ƙaru ba, Yaya takan ce, "Ashe tef ɗina ne ya motse. Sannu."

Da autansu ya gama makarantar tauhidi, uwar coci, wato hedkwatarsu, ta turo shi ya buɗe reshe a unguwar, da sharaɗi: in reshen ya tsaya da ƙafarsa, ya zauna, in bai tsaya ba, a rufe, a tura shi wani wuri mai nisan da sai an kwana a mota. Yaya ta ji sharaɗin, ta gyara ɗaurin zani. Ɗan'uwa ɗaya ya rage mata kusa, ba ta ga mai ɗauke mata shi ba.

Bisharar Yaya ba ta takarda ba ce. Sai ta zagaya mace da tef, ta riƙe gam, allura na daf da hammata, sannan ta ce, "Ranar Lahadi ina kike zuwa sujada?" Kafin a saki mutum ya riga ya yi alkawari. Haka aka tara mutanen farko, suna zaune a kan kujerun masu jiran ɗinki, Fasto na tsaye bayan teburin guga. Da shago ya yi kaɗan, aka kama ɗakin sama a wani bene da ke bakin titi.

A ƙasan benen akwai Mai Walda. Dogo ne, rigarsa duk hujin tartsatsi, kunnensa kuma ƙarar ƙarfe ta cinye rabinsa. Ranar Lahadi ba ya tashi da wuri, sai rana ta take yake buɗe shago. Fasto na kaiwa tsakiyar wa'azi, sai injin yankan ƙarfe ya kurma ihu daga ƙasa, guduma ta amsa masa, bencina su ɗauki rawa. Fasto ya ɗaga murya, ya ƙara ɗagawa, jijiyoyin wuya su fito, a ƙarshe ya haƙura ya sa albarka da hannu, kowa ya watse.

Coci kuwa sai cika take. Mata suna kawo maƙwabta, direbobi suna ajiye mota su hau, masu shaguna suna zuwa da iyalansu. Kowa ka tambaya ya ce wa'azin Fasto yana shiga jiki. Yaya ta yi lissafinta: in da wannan hayaniyar ma ana cika haka, ranar da ƙarfe ya yi shiru ai sai an rushe bango.

Ta fara da faɗa. Ta sauka ta tsaya a kansa, ta ce, "Malam, ba ka san ana sujada a samanka ba?"

Ya ɗaga gilashin fuska ya ce, "Ƙofa ko taga?"

"Sujada na ce."

"Sai jibi. Aiki ya yi yawa."

Da faɗa ya ƙi ci, ta sa zumuntar mata suka yi ta addu'a a kansa. Ta bincika ta gano an taɓa yi masa baftisma yana yaro, tun daga nan bai sake taka coci ba. Ta karɓi rigunansa ta toshe hujin, ta ɗinka masa sabuwa, ta zo awo ta riƙe shi da tef kamar yadda ta saba. Wata Lahadi sai ga Mai Walda ya hau bene cikin sabuwar riga, ya durƙusa a gaba, ya yi kuka, ya yi alkawari hannunsa ba zai sake taɓa guduma ranar Ubangiji ba. Yaya ta yi rawa har ɗankwali ya faɗi.

A ranar ne aka fara jin ƙarshen wa'azin Fasto. Ashe yana da nisa.

Ya taso daga halittar duniya. Ya ce "a taƙaice", ya sha ruwa, ya ci gaba. Ya ce "daga ƙarshe", mata suka fara laluben takalma da ƙafa, sai ya tuna wani abu da malaminsu ya taɓa faɗa. Jarirai suka yi kuka, suka yi barci, suka farka suka sake. A bencin gaba kuwa Mai Walda na zaune, fuska sai haske, yana gyaɗa kai. Ba ya jin ko kalma, amma duk sa'ad da bakin Fasto ya tsaya sai ya ce amin da ƙarfi, Fasto kuma ya ɗauka ƙari ake nema.

Ba a daɗe ba direbobi suka ɓace. Masu shaguna suka bi su. Mata suka fara ciwon kai na ranar Lahadi kaɗai. Wata da Yaya ta ritsa da tef ta ce, "Yaya, ki cire allurar in gaya miki. Mijina ya ce in zaɓa, ko cocinku ko tukunyarsa."

Abin haushin shi ne dattawa. Maza manya da gemu, ba wanda ya iya buɗe baki. Mai Kemis, wanda shi ne shugabansu, minsharinsa har bencin baya ake ji, amma ana tashi shi ne na farko a bakin ƙofa: "Fasto, yau ka ciyar da mu." Da suka yi taro a kan raguwar jama'a, shawarar da suka yanke ita ce a ƙara addu'a bayan wa'azi.

Ana cikin haka uwar coci ta aiko cewa babban fasto zai zo ya ga yadda reshe yake. Yaya ta dubi bencinan da ba kowa, ta rufe shago, ta tafi gidan ƙanenta. A coci Fasto take ce masa. A gida ba ta san wannan ba.

"Auta, wa'azinka ya yi tsawo."

"Yaya, ba a auna Maganar Allah da tef."

"Komai ana aunawa. Wando ma in ya wuce ƙafa, taka shi ake yi a faɗi."

"Dattawa da bakinsu suke cewa suna ƙaruwa da wa'azin. Dubi Mai Walda."

"Mai Walda ko tsawa aka yi cewa zai yi amin."

Matar Fasto tana gefe tana tsince wake, kanta a ƙasa, kafaɗunta na rawa. Fasto ya ce zai kai maganar gaban Ubangiji. Lahadin da ta biyo ya yi wa'azi a kan masu gunaguni, ya fi na kullum tsawo.

Yaya ta haɗiye kunya ta sauka wurin Mai Walda. Ta kai bakinta kunnensa, ta ce ko zai riƙa ɗan taɓa aiki ranar Lahadi, ko na ɗan lokaci, da tsakar rana. Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya dube ta da tausayi.

"Yaya, ke kika fito da ni daga duhu. Yau ke ce za ki mayar da ni?"

"Guduma kaɗai. Ba sai ka kunna inji ba."

"Zan sa ki a addu'a."

Ta juya za ta tafi, ƙafarta ta bugi wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota da ke jingine a bango. Ƙarar da ya yi sai da ta ji ta a haƙori. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Wannan na sayarwa ne?"

Da yamma ta koma gidan ƙanenta da fuskar tuba. "Fasto," ta ce, abin da ya sa ya gyara zama, "na yi tunani. Laifina ne. Baiwa irin taka sujada ɗaya ta yi mata kaɗan. A yi biyu. Ta safe, da ta rana. Babban fasto ya zo ya tarar reshe har ya kai sujada biyu."

Idon Fasto ya kawo haske. Wa'azi biyu a rana ɗaya.

"Sai dai," in ji Yaya, "dole a buga ƙararrawa da tsakar rana a kira 'yan ta biyu, 'yan ta farko su ba su wuri. Ga bawan Allah nan yana neman hidimar da zai yi."

Aka rataye ƙarfen a ƙasan matakala, aka naɗa Mai Walda mai ƙararrawa, aka ɗora masa hannu. Buga wa Ubangiji ƙarfe ba aiki ba ne, hidima ce, hannunsa kuwa dama ƙaiƙayi yake. Lahadin farko, rana na takewa, Fasto na cewa "abu na biyu", sai bene ya ɗauki rawa. Fasto ya leƙa ta taga yana ɗaga hannu a dakata. Mai Walda ya ɗaga masa hannu shi ma, ya ƙara ƙarfi. Aka sa albarka da hannu, kamar dā.

Labari ya zaga unguwa ba tare da Yaya ta ɗauki tef ba. Direbobi suka dawo, ciwon kan mata ya warke. Da babban fasto ya zo, sai a matakala ya sami wurin tsayawa. Ya ce reshe ya tsaya, Fasto ya zauna, ya kuma yaba wa dattawa a kan hangen nesansu. Mai Kemis ya karɓi yabon da hannu biyu.

Abu ɗaya Yaya ba ta auna ba. Sujada ta biyu tana bukatar mutane, kuma ba ƙararrawar da ke bayanta. Matar Fasto ta ce ita da yara 'yan ta safe ne. Dattawa suka ce su ma. In ba wanda ya zauna, Fasto zai soke ta, ƙarfe ya yi shiru, a koma gidan jiya.

Shi ya sa har yau, in ka wuce benen nan ranar Lahadi da la'asar, za ka ji muryar Fasto ta taga, a sake, ba mai tare ta. Mutum biyu ne a gabansa. Mai Walda na gyaɗa kai yana amin. Yaya Tela na gefensa da rigunan mawaƙa a cinya, tana kalmasa da allurar hannu. Fasto ya taɓa yi mata magana a kan ɗinki ranar Ubangiji, ta ce hidima ce, in kuma bai yarda ba ya taƙaita.

Bai taƙaita ba. Mawaƙa kuwa yanzu riguna kala uku gare su.