Na Je Keffi Neman Ƙarshen Labarin Tanko

Ana sallame sallar asuba muka bar Jos, ni da wani abokin koyarwata, a sabuwar motar da ya saya bayan ƙarin albashin nan na gwamnati da ya ruɗa ma'aikata. Tuƙin ma sabo ne, don haka gangaren dutsen nan kafin Akwanga da salati muka sauke shi.

Abin da ya tashe ni kuwa labari ne. Muna 'yan makaranta a Keffi, shekarar da aka sami 'yancin kai, akwai malaminmu na Hausa da yake ware darasin ƙarshe na ranar Juma'a don labari. Daga kansa yake ƙirƙira, kuma da an buga ƙararrawa sai ya yi shiru, ko da a tsakiyar magana ne, sai wani makon. Na ƙarshe da ya fara mana shi ne na Tanko, ɗan manomi daga Agwada, wanda ya saci jiki da keken babansa don ya zo jarrabawa Keffi, ya tarar ruwa ya cinye gada. Nan ƙararrawa ta kaɗa. Kafin wata Juma'ar an yi wa Malam canjin makaranta.

Yanzu ni ma ina koyar da samari da 'yan mata, kuma littattafan da ake ba su babu yaro irinsu a ciki. Na ɗauko musu Tanko, suka maƙale masa, har muka iso bakin ruwan nan na tsaya cik. Da na ji Malam ya yi ritaya ya koma Keffi, na yi musu alkawarin zan kawo ƙarshen daga bakin mai shi.

A Garaku muka karya. Doya jibge a bakin titi, tirelolin siminti sai wucewa suke. Wata Bafulatana ta dama mana fura, tana faɗin kuɗinta da sule na tsohon kuɗi, abokina yana gyara mata da kwabo na sabon kuɗi, ba wanda ya sallama wa wani.

Keffi ta canja mini. Babura ko'ina, kowane shago rediyo na ihu, bishiyar mangwaron da muke fakewa a tasha an sare ta an kafa gidan mai. Wani tela ne ya nuna mana gidan Malam.

Matarsa ta tare mu a zaure, ta ja ni gefe ta ce tun ciwon da ya kayar da shi bara tunaninsa ya tafi, wani lokacin ita ma sai ta faɗa masa ko wace ce. Na tambaya ko ya taɓa rubuta labaran nan. Ta ce kullum cewa yake sai ya yi ritaya.

Na same shi a tabarma, fes da shi, ya amsa gaisuwata da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo. Na durƙusa na fara ba shi labarin Tanko, ko Allah zai sa ya tuna. Ya saurara sosai, har ya yi dariya inda muke dariya a aji. Da na kai bakin ruwa sai na dakata, ina kallon bakinsa.

Ya matso, ya dafa gwiwata ya ce, “To ɗana, sai me ya faru? Ya haye?”

Na ce, “Malam, ya haye.” Ya ce alhamdu lillahi, ya koma ya jingina. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, don na san duk labaran Juma'ar nan sun tafi, mai su kuma yana zaune a gabana.

A hanyar dawowa ko tuƙin abokina ban lura da shi ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne kada in jira ritaya. Tun da na iso gida na fara rubuta Tanko, kuma na haye da shi, keken a kansa, ruwa iya ƙirji. 'Yan ajina sun yi murna. Ni dai ban sani ba ko haka Malam ya so ya haye, kuma ba ni da wanda zan tambaya.