Malama Loretta da Baƙin Farcen Waliyyi Yusufu

Kowace Talata da Alhamis, da an idar da addu'ar safe, Malama Loretta Hasenkamp takan sauka ɗakin ƙasa na cocinmu da kwandon ƙwai a hannu ɗaya, tarin hotuna a ɗayan. Can yaranmu ke jiranta, 'ya'yan gidaje goma sha ɗaya da ke karatu a gida a wannan ƙauye namu na Nebraska, a Amurka. Lissafi da Latin da addini, iyaye mata ke koyarwa a teburin kicin. Zane kuwa nata ne, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, domin hannunta ya fara rawa.

Tsarinta bai taɓa canzawa ba. Takan kafa hoto ɗaya na masu zanen dā, ta ce, "Minti goma. Wanda ya buɗe baki, mu koma farko." Sai an gama kallo ake magana: wa ya zana, a wane zamani, me ya sa mayafin Maryamu shuɗi ne. Daga nan a fasa ƙwai, a ware gwaiduwa, a kwaɓa ta da garin launin da yaran suka niƙa da hannunsu, a yi zane da shi.

Mu maza mun raina aikin. Mun ɗauke shi wasan yara ne da ke ba mata hutun awa biyu. Kunya ce a gare mu, kuma gara a faɗe ta.

Shekara tara da suka wuce muka ga iyakarmu. Muna da mutum-mutumin katako na Waliyyi Yusufu kafinta, mijin Maryamu, wanda kakanninmu suka taho da shi daga Jamus. Hayaƙin kyandir ya mai da shi baƙi ƙirin. Saura mako uku idinsa, sai Wendell Rottinghaus, shugaban ƙungiyar maza, ya ce a sabunta shi. Ranar Asabar da hantsi mu shida muka sauko da shi ɗakin ƙasa, Wendell ya buɗe gwangwanin fenti. Da burushin nan ya taɓa shi, da aikin shekara ɗari da arba'in ya tafi har abada. A daidai nan Malama ta shigo.

"Wendell, me ke cikin gwangwanin nan?"

"Fenti, Malama, mai kyau. Shi na shafa wa rumbuna, shekara takwas ko ɓarewa bai yi ba."

"To Yusufu rumbu ne?"

"Haba Loretta! Dube shi fa, kamar wanda ya faɗo ta bututun hayaƙi. Mu ba ma zane da ƙwai, mu ci muke yi."

Muka kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Ban hana ku ba," in ji ta. "Ku ba ni minti goma, ku kalle shi, ba magana. In kun gama, ni zan riƙe muku gwangwanin."

Ƙattin maza shida muka jeru kamar 'yan aji ɗaya. A minti na uku Wendell ya yi gyaran murya ya ce, "Ai dai tari ba magana ba ne."

"Yanzu ka yi. Mu koma farko."

Da lokaci ya cika, Cletus Wiemann, tsohon kafintanmu, ya nuna hannun hagun Yusufu. "Ku dubi babban yatsansa," ya ce a hankali. Farcen baƙi ne, amma ba baƙin hayaƙi ba. Taruwar jini ce ta wanda guduma ta kuskure ƙusa ta bugi yatsansa. Wanda ya sassaƙa shi da gangan ya zana ta. Kowannenmu ya duba hannunsa. Wendell na da irinta a ranar. Ya rufe gwangwaninsa da kansa.

"To da me za a wanke shi?" ya tambaya.

"Auduga da yawu."

"Yawu? A jikin waliyyi?"

Fada Alois, limamin cocinmu, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Wendell, da yawu Ubangiji ya buɗe idon makaho. Naka ma ga shi ya buɗe."

Mako uku ita da manyan ɗalibanta suna goge shi da auduga a kan tsinke, taƙi bayan taƙi. Ranar idi ya fito da alkyabba koriya wadda ba wani mai rai da ya taɓa gani.

Ke ce kika yi wannan, Malama. Ke ce kika koya wa 'ya'yan manoma cewa gaggawar hannu ɓarna ce in ido bai riga shi ba. Ba ki taɓa yabon zanen da bai kai ba, ba ki kuma taɓa yaga na kowa ba. Mai haƙurin niƙa launi, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba hannun nan sauƙi.

Ku kuma iyaye, kwandon ƙwai na nan, Wendell ke cika shi tun daga ranar. Wanda zai ɗauka ya gaji Malama ake nema. Wanda har yanzu yake ganin aikin wasa ne, ya je ya tsaya gaban Yusufu minti goma. In ya buɗe baki, ya koma farko.