Tagar Gahawa

Usta Lefter (Usta muke ce wa gwanin sana'a) ya shekara talatin da ɗaya a kan rufin gidajen garinmu Gjirokastër yana jera faifan dutse, kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Da ya sauko, kowa ya ɗauka zai tare a gidan gahawa ne tare da sauran tsofaffi. Sai muka ji wai ya koma saka wa mutane intanet. Na yi dariya har da riƙe ciki, don mutumin nan sai ya miƙe hannu iya tsawonsa kafin ya iya karanta lamba a waya. Ban neme shi ba sai da dabara ta ƙare mini.

Mahaifiyata Sanije, wadda muke kira Nëna, ta samu shanyewar ɓarin jiki a farkon bazara. Tana kwance a ɗakin murhu na ƙasa, inda take kwana tun tana amarya. Likita ya hana a motsa ta, sannan ya ja ni tsakar gida ya ce kada mu sa rai da watanni. Ƙanena Petrit kuwa shekararsa goma sha huɗu a Kanada, takardunsa ba su kammala ba, in ya fito ba zai koma ba. A makon ne matarsa ta haifi mace, aka sa mata sunan Nëna, wato Sanije. Na kai mata hoto, ta kawar da kai. "Hoto ba ya motsi, Liri," in ji ta. "So nake in ga tana numfashi."

Matsalar ita ce ko ɗigon sabis ba ya shiga ɗakin. Petrit ya aiko da wani ƙaton akwatin intanet mai ƙahoni shida, wai babu wanda ya fi shi ƙarfi. Na yi masa abin da ake yi wa duk wani abu mai daraja a gidanmu: na kai shi ɗakin baƙi a saman bene, na sa shi cikin kabad ɗin katako, na lulluɓe shi da ƙyallen da Nëna ta saƙa da hannunta. A ɗakin baƙi sabis kamar ya yi magana. A ɗakin Nëna shiru.

Usta Lefter ya zo da hantsi, riƙe da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Ya cire takalmi, ya hau bene yana nishi, ya buɗe kabad, ya ɗaga ƙyallen da yatsu biyu.

"Malama Liri, sanyi yake ji?"

"Ƙura nake kare masa."

"Duk gidan da na shiga a garin nan haka nake tarar da shi, an rufe shi kamar ango mai kunya. Kun karrama shi har kun toshe masa baki."

Na ce ai an ce ƙarfinsa na ratsa komai. Ya ce ko da muryar akwatin ta kai ƙasa, ita 'yar wayar da ke hannun Nëna da wace murya za ta amsa? Ya ce ƙanana biyu da aka haɗa da igiya, kowanne a sarari kuma a sama, sun fi babba ɗaya da aka ɓoye. Na ji haushinsa, musamman da na ga gaskiya ya faɗa.

Daga nan ya fara yawo a gidan da safa, a hankali, idonsa a kan wayar. A matakala ta bakwai ya tsaya, ya koma ta shida, ya sake saukowa. "Nan sabis ya mutu," ya ce. Ya dafa bangon. "Rijiyar ruwan samanku tana bayan nan, ko?" Tana nan kuwa, kuma ban gaya masa ba. Ya ce dutse mai kaurin tsawon hannu yana rage sabis, ruwa kuma shanye shi yake yi gaba ɗaya, ga ɗakin Nëna a bayansu duka biyun. Ƙofar ɗakin ta tsakar gida take, nesa da bene. Huda bango kuwa doka ta hana a tsofaffin gidaje irin namu.

Na ce, "To ke nan babu hanya."

Ya sa wayar a aljihu, ya koma sana'arsa ta fari. Ya bi bangon da ke ƙarƙashin matakala yana ƙwanƙwasawa da ƙashin yatsa, kunnensa manne da farar ƙasar da aka shafe shi da ita. Ni duk ƙara ɗaya nake ji. Ya kai kusan rabin awa a haka, har na fara tunanin in sallame shi. Can, daidai ƙirjinsa, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya sake, ya yi murmushi.

"Nan ba dutse ba ne. Katako ne aka yaɓe."

A gidan nan aka haife ni, shekara hamsin da biyu ina goga kafaɗa da bangon nan.

Ya zagaya ta tsakar gida ya shiga wurin Nëna, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa marasa lafiya, ya kira ta Teto, wato gwaggo. "Teto Sanije, me ke bayan hoton can na bango?"

Nëna ta dube shi. Maganarta ta yi nauyi tun ciwon, amma mun ji ta sarai. "Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan Vasil mai rufi."

"Ubanka ma haka yake da shisshigi." Ta numfasa. "Tagar gahawa ce. In baƙi maza sun zo, ta nan nake miƙa tire, surukina ya karɓa ya hau da shi. Bayan ya rasu aka toshe ta."

Ban taɓa jin wannan labari ba, ko sau ɗaya.

Da 'yar wuƙar aljihu ya bi gefen yaɓen ta ƙarƙashin matakala, bai taɓa dutse ko ɗaya ba, ni kuma na sauke hoton ta cikin ɗakin. Wani murfin katako ya buɗe, faɗinsa bai wuce tire ba, iska mai sanyi ta ratso. Ya fito da babban akwatin daga kabad ya ɗora shi a sarari. Ya jawo siririyar igiya ta bi gefen matakala, ya maƙale ta a jikin katako yadda sai ka duba da kyau za ka gan ta. A saman tagar ya kafa wata 'yar farar na'ura mai kamar faifan finjali, fuskarta na kallon gadon Nëna. Ya zagaya ɗakin da wayarsa, kusurwa kusurwa, har ƙarƙashin bargo ya gwada. Sannan ya juyo gare ni.

"In na dawo na tarar da ƙyalle a kanta, ni da ke ne."

Da la'asar, lokacin da gari ya waye a can, na kira Petrit. Fuskarsa ta fito tar, ba yankewa. Ya ce "Nëna", sai kawai ya juya wayar. Ga jaririyar tana barci, ƙirjinta na hawa yana sauka. Ta yi hamma, ta dunƙule hannu. Nëna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta bar shi a nan. Na yi kuka, ban kuma ɓoye ba.

Usta Lefter yana bakin ƙofa yana neman takalminsa, zai sulale. Nëna ta kira shi ba tare da ta ɗauke ido daga wayar ba.

"Ɗan Vasil. Shekara goma sha ɗaya ina miƙa gahawa ta tagar nan, ban taɓa ganin fuskar mai sha ba. Yau ga fuska ta shigo mini ta cikinta."

Kwana goma sha tara ta ƙara a duniya, kuma babu la'asar ɗin da ba ta ga takwararta ba. Shi kuwa har yanzu ina hango shi a kan titunanmu masu gangara, yana ɗingishi da jakar igiya a kafaɗa. In zai wuce gidanmu, sai ya ƙwanƙwasa bangon sau biyu, ya ci gaba da tafiya.