Alama Biyu da Na Cire a Kwamfutar Baba Taifis

Ni ne Musa Sito, kuma an ce in rubuta wani abu a kan marigayi Dauda. Ba da yabo zan fara ba, da laifina zan fara. Alama biyu na cire a cikin kwamfutarsa, 'yan mitsi-mitsi, ko ƙwayar gero ta fi su girma. Saboda su abokina na shekara arba'in ya bar duniya yana zaton ƙaninsa ya ƙi yafe masa. Na haura saba'in, na yi kurakurai ba adadi, amma wannan ne nake kwana nake tashi da shi.

Ku da muka yi aiki tare a masaƙa kun san shi. Shi ne mai buga takardun ofishinmu, shi ya sa har ya mutu ana ce masa Baba Taifis, ni kuma ina kula da sito. Bayan aiki ya ƙare mana, 'yarsa Rifkatu ta kawo masa tsohuwar kwamfuta ta tebur, ta sa masa manhajar da ake buɗewa a karanta imel a ba da amsa. To fa! Daga ranar mutumin nan ya mayar da falonsa na Narayi ofis. Ƙarfe tara na safe zai sa farar riga, ya ɗaura naktaye a wuya, sannan ya kunna. Ƙasa kuwa gajeren wando ne da silifa.

Ranar da na fara ganin haka na ce, "Dauda, lafiya? Sama manaja, ƙasa mai wankin mota?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Musa, baƙi ne suke shigowa ta nan. Kai da singileti kake tarbar baƙi?"

"To wandon fa?"

"Wasiƙa ba ta leƙa ƙarƙashin tebur."

Idan ka ce masa ai imel ɗin nan akwai shi a waya, sai ya ɓata rai. Ya ce abin da aka rubuta da babban yatsa ana tafe a cikin keke mai ƙafa uku ba wasiƙa ba ne, gulma ce. Kuma komai ya rubuta sai ya fitar da shi a takarda kafin ya aika, ya huda, ya sa a fayil. Kwafin ofis ke nan. Bai taɓa buɗe wurin da kwamfuta ke ajiye wasiƙun da aka aika ba, ya ce bai ga dalilin da zai tambayi na'ura abin da shi da kansa ya rubuta ba.

Sai kuma sa hannunsa. Akwai wurin da ake tsara abin da zai riƙa fitowa a ƙasan kowace wasiƙa. Mutane suna sa sunansu da lambar waya, su wuce. Dauda layi goma sha ɗaya ya sa: sunansa, sunan mahaifinsa, ƙauyensu, muƙaminsa na da, yawan kalmomin da yake bugawa a minti ɗaya, da gargaɗin cewa ofis yana rufewa ƙarfe sha biyu. Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata, Alhaji Bala, ya taɓa aika masa doguwar takarda a kan taro. Amsar Dauda kalma biyu ce, "Na gani." Sai layi goma sha ɗaya a ƙasa.

Wata rana na tarar da shi yana huci. Ya yi kuskure a adireshin wani, sai saƙon nan da na'ura ke mayarwa da kanta ya zo masa, cewa wasiƙa ba ta isa ba.

Ya ce, "Dubi wannan yaron! Ba gaisuwa, ba suna, ba komai. Wa ya ɗauke shi aiki?"

Na ce, "Ai Rifkatu ta ce ba mutum ba ne."

"Shi ya sa zan koya masa ya zama mutum."

Wallahi ya zauna ya rubuta masa shafi guda a kan ladabin wasiƙa. Ya sake gwada adireshin, amsa iri ɗaya ta dawo. Ya sake, ta dawo. A karo na uku sai ya jingina da kujera, ya gyaɗa kai.

"Musa, yaron nan ba shi da tarbiyya, amma ba ya canza magana. Da irinsa muka samu a ofis da masaƙa ba ta mutu ba."

Shi ya tilasta mini koyon abin. Duk Talata zan hau mota daga Makera in je, ya zaunar da ni, ya sa in rubuta matakai a littafin 'yan makaranta. Ya nuna mini inda ake ƙara girman rubutu, inda ake ɓoye jerin akwatunan da ke gefe, har ya kai ni can ciki ya nuna mini wasu alamu biyu. Ya ce, "Waɗannan su ne 'yan aike. Ɗaya tana sa wasiƙa ta tafi da ka danna, ɗayar tana kwashe duk wadda ta maƙale. Kada ka kuskura ka taɓa su." Na rubuta, har na ja layi a ƙasa.

To, ku kun san abin da ya fi ƙauna a duk manhajar nan: maɓallin da ke amsa wa kowa da kowa. Wa ya tsira a cikinku? Ciyaman ya sha gyaran jawabi da jan rubutu. Fastonsa ya sha lissafin mintocin wa'azi. Duk ina dariya, sai da abin ya iso gidana.

Na aurar da 'yata. Bayan biki kawun ango ya aika saƙon godiya ga duk waɗanda suka halarta, da mu da danginsu na Zariya. Dauda ya danna maɓallinsa. Ya ce shinkafa ta caɓe, nama sai an sa tabarau ake ganinsa, jawabin kawun ango kuma minti arba'in ne babu abin ɗauka a ciki. Inna lillahi! Surukai na sati ɗaya! Matata ta kwana biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba. Na je na same shi.

"Dauda, me na yi maka?"

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba, amma..."

"To me ya kawo ka?"

Talatar da ta biyo baya ya ce idanunsa sun fara gajiya, in ƙara masa girman rubutu, in kawar da jerin akwatunan gefe don wasiƙa ta cika fuskar kwamfutar. Ya shiga ciki kawo mini zoɓo. Na yi abin da ya ce. Sannan na buɗe littafina inda na ja layi, na shiga can ciki, na cire alamun nan biyu. Kafin ya fito da kofi na gama. Na sha zoɓonsa, har na ce ya yi daɗi.

Daga ranar, wasiƙu suna shigo masa kamar kullum. Idan ya rubuta tasa ya danna aikawa, sai ta ɓace daga gabansa kamar ta tafi, alhali ta faɗa akwatin fita ne ta kwanta. Akwatin kuwa na ɓoye shi da hannuna. Na ce wa kaina wata ɗaya kawai, ya huce, mu ma mu huta.

Kai, jama'a, zaman lafiyar da aka samu! Taron ƙungiya ya koma ana tashi ana dariya. Shi kuma sai taƙama. Ya ce, "Musa, ka ji shiru? Gaskiya ta toshe musu baki." Idan wani ya tare shi ya ce bai ga amsarsa ba, sai ya ce, "Na riga na rubuta, je ka duba da kyau." Wanda ya san abin da amsar Dauda ke ƙunsa, ina zai matsa? Sai ya ce to, ya gode wa Allah ya wuce. Wata ɗaya ya zama shekara guda da wata huɗu.

Akwai ƙaninsa Istifanus da ke aiki a Fatakwal. Shekara tara ba sa magana. Istifanus ya sa an sare itacen ɗorawar da mahaifinsu ya shuka a ƙauye don ya yi gini, Dauda kuma ya rubuta masa wata wasiƙa wadda ko ni bai yarda na karanta ba. Na san da wannan. Amma da ciwo ya fara ramar da Dauda, wata Talata ya ce mini a hankali, "Musa, na rubuta wa wani sau uku, bai amsa ba," ko kaɗan ban kawo Istifanus a raina ba. Na ɗauka wani ne zai sha faɗa. Dariya ma na danne.

Na ce, "To ka kira shi a waya mana."

Ya ce, "Irin wannan maganar ba a yin ta da baki. Baki yana musu. Sai a rubuce."

Ya ba ni dama, na sa ƙafa na tsallake. Bayan sati biyar ya rasu. Istifanus bai zo jana'iza ba.

Kwana tara da binne shi, da rana tsaka ina kasuwar Kakuri ina cinikin barkono, sai ga kiran Ciyaman. Muryarsa kamar wanda ya ga maciji a cikin takalmi.

"Musa! Dauda ya rubuto mini!"

"Wane Dauda?"

"Dauda nawa muka binne? Ga ta nan yanzu ta shigo! Ya ce ya ga ina gyangyaɗi a wurin taro, yana kallona. Musa, wallahi na ɗan yi gyangyaɗi a wurin jana'izarsa!"

Ban gama da shi ba wani kiran ya shigo, sai wani, sai wani. Wata tsohuwar abokiyar aikinmu mai shago a Sabon Tasha ta yar da wayarta cikin buhun gari tana kiran sunan Yesu. Fasto ya samu wasiƙu bakwai a jere. Ta ƙarshe Dauda ya rubuta ta ne bayan Fasto ya je duba shi yana jinya, amma wa ya tsaya duba kwanan wata? Abin da bawan Allah ya karanta shi ne, "Addu'ar da ka yi a kaina ta yi tsawo, ni da nake kwance ma na gaji." An ce sai da aka ba shi ruwa.

Ni kaɗai ban tambayi abin da ya faru ba. Na bar barkonon na nufi Narayi. Ashe Rifkatu ce ta kunna kwamfutar don ta gode wa masu ta'aziyya. Ta dawo da jerin akwatunan, ta ga wasiƙu fiye da ɗari biyu jibge a akwatin fita, ta ɗauka matsalar intanet ce, ta bi ta mayar da alamun. Duka suka tafi a lokaci ɗaya. Ta nuna mini uku daga ciki, idonta jawur. Na Istifanus ne. Ta farkon kawai na iya karantawa. Ba gyara, ba gargaɗi, har layukan nan goma sha ɗaya ya goge. Ya ce itace itace ne, shi kuma ƙani ɗaya gare shi, yana roƙon Istifanus ya yafe masa abin da ya rubuta a baya.

Washegari da la'asar Istifanus ya iso, ko jaka bai riƙo ba. Ya tsaya tsakiyar falon ya ce wa Rifkatu, "Me ya sa sai yanzu? Ya bar wasiyya ne a aiko mini bayan ya mutu, don kada in samu bakin amsawa?"

Rifkatu ba ta sani ba. Da na yi shiru, da har gobe ana cewa intanet ce. Amma zai koma gida da sabon ƙulli a kan wansa, a kan abin da wan bai yi ba. Na miƙe, na faɗa musu komai, tun daga shinkafa har zoɓo. Rifkatu ta dafe kai ta ce, "Baba Musa! Kai?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Istifanus ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Malam Musa, ban sani ba ko da na amsa masa a lokacin. Ni ma taurin kan gidanmu gare ni. Amma ni ya kamata in yanke, ba kai ba."

Ya zauna, ya ciro wayarsa, ya yi ta rubutu yana share ido da bayan hannu. Da ya gama, sai kwamfutar da ke kan tebur ta yi 'yar ƙarar nan ta shigowar wasiƙa. Dukanmu muka zabura. Rifkatu ta kai hannu za ta buɗe, ya ce, "Bar ta. Ba taki ba ce." Har yau tana nan ba a buɗe ba. Ni kuwa bai ce ya yafe mini ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce in raka shi kabarin, na raka shi, na tsaya daga nesa.

Allah, ga bawanka Dauda, ka fi mu sanin abin da ke cikin zuciyarsa. Ka ba shi hutun da bai taɓa bari mun samu ba, ka sanar da shi cewa amsa ta zo. Ni kuma ka sassauta mini.

Ku da kuke karantawa, roƙona ɗaya ne. Idan wani ya ba ku amanar kujerarsa ya shiga ciki kawo muku abin sha, ku yi abin da ya sa ku kaɗai. In maganarsa ta dame ku, ku faɗa masa ido da ido, ku yi faɗa in ta kama. Kada ku tsare masa ita a ɓoye, domin ba ku san wadda za ta biyo baya ba.