Tokar Inna

Allo arba'in, aikin kwana biyu, da mai saye ɗaya da na shekara ina zawarcinsa: abin da na kusa rasawa ke nan a wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba.

Lokacin ina da ɗan shago a Kwanar Dangora, ina haɗa fitilun sola. Allon cikin fitilar ma ni nake yi. Sai in buga zanen layukan wuta a takarda, in kifa ta a kan allon jan ƙarfe, in danne da dutsen guga har baƙar tawadar ta kama. Daga nan in tsoma a asid ya cinye duk inda tawada ba ta rufe ba, in huda, in liƙa kayan da dalma. Wani ɗan kasuwar Doguwa ya ce in ba shi arba'in ran Asabar, in kuwa na saɓa, zai koma sayen na waje a Kano.

Na gama gugar allunan, na jera a tsakar gida, na tafi azahar. Mahaifiyata, Inna, ta zo mana kwana biyu daga Kiru. Ina dawowa na same ta da toka da ɓarin lemun tsami, alluna suna sheƙi kamar sabon faranti. Ko layi ɗaya ba ta bari ba.

"Ɗan nan, haka za ka kai wa mutane kaya duk baƙin tukunya?"

Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce, "Sannu da aiki, Inna." Sai da ta wanke hannu na yi mata bayani. Ta ce in hura gawayi, ai tun ban san tsarki ba take guga. Ina kifa sabuwar takarda tana dannewa, tana mitar wai ban iya riƙon dutse ba.

Da, a cikin allo goma sai uku sun fito da layi a tsinke. Ranar duk arba'in suka fito lafiya. Ashe maiƙon yatsuna ne yake hana tawada kamawa, tokar Inna ta fitar da shi. Asabar da hantsi na miƙa fitilu.

Na yi asarar takarda arba'in da yini guda. Na samu mai sayen da har yanzu muke tare, da robar toka da ba ta rabuwa da teburina. Na kuma koyi cewa in uwarka ta ɓata maka aiki, fara yi mata sannu, ka duba aikin daga baya.