Mai Sunan Baffa

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni Basirka in karɓo wayar aiki daga hannun Inna Hassu ba. Ku da kuka shigo daga baya kun tarar da komai a shimfiɗe, shi ya sa nake so ku ji inda wani ɗan gurbi da kuke gani a manhajarmu ya samo asali.

Lokacin ni ne jami'in kula da bayanai a kamfaninmu na tara madara a nan Birnin Kudu. Muna da masu karɓa a ƙauyuka. Makiyayi ya kawo, su gwada ko an sirka da ruwa, su auna, su ajiye har mota ta zo. A da direba ne yake rubuta sunan kowane makiyayi a takarda, ni kuma in zauna in yi ta shigarwa cikin babbar manhajar kamfani, wadda ke riƙe da kaya da sunayen masu kawowa da zirga-zirgar motoci. Rubutun direbobin nan kuwa, Allah ya yafe musu, sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan takardar.

Ana nan sai kamfani ya ƙulla yarjejeniyar bincike da wata jami'a. Suka turo mana Dakta Binta, mace mai ƙarancin magana da yawan tambaya. Abin da suka zo gwadawa shi ne dandalin gajerun saƙonni na ma'aikata kaɗai, wanda muka laƙaba wa suna Zaure. Kowa ya rubuta layi ɗaya ko biyu a waya, kowa ya gani, daga manaja har mai gadi. Aikin Dakta shi ne ta haɗa Zauren da babbar manhaja. Mai karɓa zai sa alamar nan mai kama da "a" da ta naɗe wutsiya, ya rubuta sunan makiyayi da yawan abin da ya kawo, shi ke nan saƙon ya wuce kai tsaye cikin bayanan mutumin, shi ma makiyayin a aika masa kwafi a wayarsa. Ni dai na yi murna, don an raba ni da ƙafar kaza.

Kowa ya kama, har Inna Hassu. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, ta yi yaƙi da jahilci, kuma da aikin nan take riƙe gidanta. Saƙonninta tsaf, sai guda ɗaya. Kullum da safe akwai babbar jarka da take rubuta yawanta ba tare da suna ba. Manhaja kuwa ba ta san sabo ba, sai ta jefa madarar cikin rukunin wadda ba a san mai ita ba, ta kunna jan rubutu a gaban manaja.

Manajanmu, Alhaji Garba, ba mugu ba ne, amma yana da hujja. Idan madara ta ɓaci, dole a san daga garken wa ta fito. Kuma ba ma karɓa sai daga shanun da likitan dabbobi ya duba. Ya kira ta a waya, ta ce, "To Alhaji, za a gyara." Ba a gyara ba. Ya sake kira, amsar ba ta canja ba. Daga nan ya fara zargin tana shigo da madarar shanun da ba su da rajista. Wata safiya a farkon damina ya kira ni ofishinsa.

"Malam Sanusi, ka je ka karɓo wayar. Zan sa wani a wurin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, matar nan ta daɗe tare da mu."

Ya ce, "Na sani. Amma idan wani ya sha ya kwanta asibiti, ni za a nema, ba daɗewarta ba."

Dakta Binta tana jin maganar ta ce za ta bi ni. Ta ce a bincikensu wanda abin ya gagara ya fi wanda ya iya amfani a wurinta. Muka bi ta Gwaram, ni dai ba da son raina nake tafiyar ba, don ban taɓa raba mutum da abincinsa ba, kuma ban so a fara da ni.

Inna Hassu ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama mana fura da nonon da ban sha irinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: ka sha furar mutum sannan ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Na yi ta kwana-kwana har dai na faɗa. Ba ta yi musu ba, ba ta roƙa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wayar a naɗe cikin ɗan ƙyalle, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ga amanarku, Malam. Ka ce wa Alhaji na gode."

Dakta ta ce, "Inna, kafin ki bayar, don Allah nuna mini yadda kike yi. Ki ɗauka madarar yau ce."

Ta zauna ta fara. Ta sa alamar, ta rubuta sunan wannan, ta rubuta na wancan. Sai ta tsaya.

Dakta ta ce, "Saura wa?"

"Saura babbar jarka."

"Ta waye, Inna?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ta mai sunan Baffa ce."

Nan take na gane, tausayi ya kama ni. Mai jarkar ɗanta na fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa. Kunya biyu a kan suna ɗaya. Ni kaina har mahaifiyarmu ta bar duniya ban ji ta kira sunan yayanmu ba. Da direba ke rubutawa, shi yake faɗar sunan, ita ta gyaɗa kai. Mu muka zo muka ɗauke direban daga tsakani.

Na ce, "Haba Inna, ai da kin faɗa wa Alhaji."

Ta ce, "In ce masa me, ɗan nan? Abin nan da sunana yake fita a sama, kowa yana gani. Kamar in tsaya a tsakiyar kasuwa in ƙwala masa kira ne. Gara a karɓi wayar."

Dakta Binta ta matso kusa da ita. Sannan ta ce, "Inna, ni ma 'yar fari ce. Kuma ni na gina abin nan." Ta buɗe kwamfutarta ta ce za ta karanto sunayen masu rajista na yankin, kada Inna ta ce komai. Ta fara karantowa a hankali. Da ta zo kan Umaru, sai Inna Hassu ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka duba, yana da rajista, likita ya duba shanunsa, komai daidai. Na ce mata ta riƙe wayar, in akwai faɗa ni za a yi wa.

Faɗan kuwa an yi shi. Alhaji Garba ya ce ya aike ni karɓo waya na dawo masa da labari. Ya ce doka doka ce, in ba za ta iya suna ba a ba ta lamba. Dakta ta ce lamba za ta yi aiki, amma Zaure wurin magana ne, a bar mutane su kira nasu yadda suke kiransu, ita za ta koya wa manhaja ta gane. Ni kuma bakina da ba ya ajiya na ce, "Ranka ya daɗe, shekarunmu nawa tare, har yau ban san sunan Babangida na gidanka na yanka ba." Ya harare ni har na fara tunanin tawa wayar. Sai ya juya wurin Dakta ya ce, "Gyaran zai daɗe?"

Bai daɗe ba. Shi ne gurbin nan da kuke gani a ƙarƙashin sunan kowane makiyayi, wanda aka rubuta wa "alkunya". Mai karɓa ya rubuta sunan da bakinsa zai iya, manhaja ta kai shi inda ya dace. Da aka buɗe shi sai ga wasu ma sun fito. Ashe akwai wanda yake ba maƙwabcinsa waya ya rubuta masa sunan surukarsa, akwai wadda take haɗa madarar mijinta da ta ƙaninsa don ta tsira. Inna Hassu ce kaɗai ta ƙi yin dabara, ita ce kuma ta kusa rasa aikinta.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu idan manhaja ta nuna ja a kan mutum, ta faɗi abin da ya faru ne kawai, ba ta san dalili ba. Dalilin sai ka taka ka je, ka zauna a tabarmarsa.

Bayan an yi girbi na haɗu da Umaru a kasuwar Gwaram, magidanci da gemunsa. Da ba ya samun kwafin saƙo, tunda ba a sa sunansa. Ya ja ni gefe ya ciro wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba, ya nuna mini saƙon farko da ya shigo masa: "Mai sunan Baffa ya kawo. Madararsa mai kyau ce."

Ya ce, "Malam, wayar nan cika take yi, kullum sai na goge saƙonni. Wannan kam ba na taɓa shi. Tunda aka haife ni, shi ne karo na farko da ta yabe ni na ji."