Baburana da La'asar ɗin Baba

Babur ɗina na farko Baba bai taɓa hawansa ba, ko a ƙofar gidanmu na Tandabawi bai yarda in jingine shi ba. Ja ne, ɗan ƙarami, na saye shi a kasuwar gwanjo wajen wani mutum da ya rantse mini cewa injin bai taɓa ganin makanike ba. Gaskiya ya faɗa, don da ya gani da an gyara shi. Da shi nake kai tsire gidaje, wanda Larabawan nan suke kira siriyya. Mu a Makka dabbab muke ce wa babur, Baba kuwa jakin marasa haƙuri yake kiransa.

Ba shi da bukatarsa a lokacin. Mutum ne da ya zo ƙasar nan tun yana yaro, rabin hanyar da ƙafa, kuma daga gidanmu zuwa Harami tattaki ne kawai. Kullum can yake la'asar. In an idar sai ya zauna da abokansa, tsofaffin unguwarmu, a jikin wani ginshiƙi da suka mayar kamar gadonsu. Akwai tela, akwai mai tallan ruwan Zamzam, akwai wasu da dama. Su yi ta Hausa irin ta da, su ji wa ya rasu, wa ya aurar da jika. Dokarsu ɗaya ce: wanda ba a gani ba, a aika a dubo shi.

Sai aka rushe ɓangarenmu na unguwar, mutane suka watse. Wasu Kudai, wasu bayan gari, mu muka kama haya a Shisha. Ƙafar Baba ba ta kai Harami daga can. Yayana yana da mota, amma aiki ba ya barinsa sai Juma'a, kuma kafin a fita daga cunkoso an yi sallama. Waya kuwa, cewa Baba yake yi ba a gaisawa da mutum ba a ga idonsa ba. Ya koma zama a bakin taga, abinci ma sai an yi da gaske. Ina kallo mahaifina yana ƙarewa a zaune, abin ya dame ni ƙwarai.

Na sayar da ja, na sayi baƙi, babba, mai doguwar kujera. Na kawo shi ƙofar gida na ce, "Baba, taso mu tafi."

Ya leƙo ta taga. "Ni da furfurata in hau dabbab kamar ɗan aike? Halas, ya waladi, bar ni, ɗana."

"Ko ka hau ko in goya ka. Amma yau a Harami za ka yi la'asar."

Ya daɗe yana kallona, don ya san wajen wanda na gaji taurin kai. Ya sauko. Hular kwano ma sai da aka yi ciniki, ya ce ba zai cire tasa hular ba, sai dai a kifa wannan a kanta. Muka gangaro ta Ma'abda yana riƙe da haƙarƙarina kamar zai karya, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Na ajiye babur a bayan shagon wani abokina, muka ƙarasa a ƙafa. Da tsofaffin nan suka hango shi, tela har kuka ya yi, ya ce sun yi ta aike ba wanda ya san inda muka koma. Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Yayana ne ya ta da jijiyar wuya. "Aib ne wallahi, abin kunya. Mutane za su ce 'ya'yansa sun rasa motar ɗaukarsa."

Na ce, "Yaya, ana ga yaƙi kana ga ƙura. Su faɗa. In kana da la'asar a hannunka, ga shi nan, kai shi."

Ya daɗe yana shan mini ƙamshi.

Na sauya tsarin aikina gaba ɗaya, na daina karɓar kowane saƙo tsakanin azahar da magariba. Shekaru muka yi a kan baƙin nan, har Baba ya koyi kwanciya tare da ni a kwana, har yana yi mini faɗa in na bar wani ya wuce mu. A wani lokacin Hajji 'yan sanda suka yi sharar babura a kan titi, nawa ya bi 'yan'uwansa, ban sake ganinsa ba. Na ji zafi, amma ban tsaya makoki ba. Na samo wani kore, mummuna, mai hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace. Da babu gara ba daɗi. Shi wannan zafi ne ba ya so. In rana ta ƙwalle sai ya mutu a hawa, in sauka in tura, Baba yana zaune a kai yana ba ni umarni: "Yalla, ƙara ƙarfi, an kusa kiran salla." Gumi har cikin ido, masu motoci suna ta yi mana dariya, amma ba mu taɓa juyawa gida ba.

Ana haka zaman yana raguwa. Tela ya rasu, muka sallace shi a nan Harami bayan la'asar. Wani ya kwanta ciwo, wani 'ya'yansa suka daina kawo shi. Baba ma jiki ya fara ja baya. Ba likita ne ya fara gaya mini ba, a haƙarƙarina na ji, riƙon da yake yi mini ya yi sako-sako. Ƙafarsa kuma ta daina ɗaguwa ta haye kujera.

Shi ya sa na sayi na huɗu, wanda nake da shi yanzu, gajere mai shimfiɗaɗɗen wurin sa ƙafa, irin wanda samari suke rainawa. Na kai wa mai walda ya yi masa majingina. Kafin mu tashi sai in ɗaure Baba a jikina da mayafin harami, in ƙulle a ƙirji. Ranar farko ya ce, "Ashe dai sai da ka goya ni." Na yi dariya, amma idona ya cika. Na ajiye keken tura marasa lafiya a shagon abokina, da shi muke ƙarasawa.

Daga baya saura su biyu, shi da mai ruwan Zamzam da jikansa yake kawowa daga Kudai. A watan jiya shi ma Allah Ya karɓi abinsa. Yayana ya kira ni ya ce to, yanzu sai a bar tsoho ya huta, ga masallaci a bayan gida. A karon farko na ga kamar yana da gaskiya. Washegari ban fito da babur ba. Na shiga ɗakin Baba na tarar da shi ya shirya tsaf, hular kwano a cinya.

Muka tafi. Bayan salla na tura shi jikin ginshiƙin, wurin cike da baƙin da ba su san mu ba. Ya zauna yana bin fuskokin masu wucewa da kallo har rana ta yi sanyi. Na durƙusa na ce, "Baba, ba wanda ya rage fa."

Ya ce, "Akwai ɗaya. 'Yarsa ta tafi da shi Jidda, ban ji an ce ya rasu ba. In ya zo wata rana ya tarar ba kowa, zai ɗauka duk mun mutu."

Na ce, "To, Baba."

Da safe na kai babur aka sauya masa tayar baya, don ta fara cinyewa.